Ƙwaya Uku, Gida Shida

Juma'a, 6 ga Agusta, 2004, bayan la'asar

Gwiwar hagu ta kumbura, ta dama da sauƙi. Tari ya ragu. Idon nan mai yana yana nan yadda yake, ina ganin mutane kamar ta bayan labule. Na sha maganin hawan jini da kunu. Alhamdu lillahi.

Yakubu ya zo da sha biyu da rabi, kamar kowace Juma'a. Ga wanda zai tsinci littafin nan bayan raina: Yakubu ɗan marigayi ƙanena ne, amma a hannuna ya tashi, domin Allah bai ba mu haihuwa ba. Tun da mai ɗakina ta rasu, shekara shida ke nan, shi ne mutumin da na tabbata zai ɗaga labulen zauren nan sau ɗaya a mako. Ya ɗora ni a bayan mashin ɗinsa na acaɓa muka tafi masallaci. Ya ce, "Bappa, riƙe ni da kyau. In iska ta ɗauke ka, maƙwabciyarka Ya Gana ba za ta bar ni da rai ba." In ina baya, tafiya yake yi har akuya ta wuce mu.

Da muka dawo ya zauna a ƙasa ya yanke mini farcen ƙafa. Yana cikin yi ya ce, "Bappa, in yi maka tambayar lissafi?"

Rabon da wani ya tambaye ni lissafi tun ranar da na ajiye alli a makarantar Itas. Na gyara zama.

Ya ce wai akwai wani mutum mai kwali da aka zana wa gida shida, daga ɗaya zuwa shida. Yana da ƙwayar ludo uku a gwangwanin madara. Mutum zai ajiye naira hamsin a gidan da yake so, shi kuma ya kaɗa gwangwani ya kife. In lambarka ta fito a ƙwaya ɗaya, ya ƙara maka hamsin a kan taka. In ta fito a biyu, ɗari. In a uku, ɗari da hamsin. In ba ta fito ba, ya ɗauke taka. Ya ce, "To wa aka cuta?"

Ko fensir ban ɗauka ba. Na ce kowace ƙwaya ɗaya cikin shida ce, ƙwaya uku kuwa uku cikin shida, rabi ke nan. Ba a cuci kowa ba.

"In mutum ya faɗi ya ninka kuɗin, ya sake faɗi ya sake ninkawa fa?"

Na ce a takarda, ranar da ya ci zai mayar da duk abin da ya rasa, har da ɗoriya.

Ya yi dariya ya ce, "Kai, kan nan bai tsufa ba." Na ji daɗi. Na rubuta don gaskiya ce, na ji daɗi ƙwarai.

Lahadi, 8 ga Agusta, da hantsi

Ruwa tun asuba. Ɗakin baya yana yoyo, na tara kwano. Ba wanda ya shigo.

Talata, 10 ga Agusta, bayan azahar

Yakubu ya zo, ga shi ba Juma'a ba. Ya kawo gasasshiyar kaza guda, da man shafawa na gwiwa, da sabon batir na rediyo. Ya ce, "Lissafinka ya yi aiki, Bappa."

Na ci cinya ɗaya. Ya zare mini ƙashi da hannunsa, yana ba ni labarin wata fasinja da ta hau da tunkiya a cinya har Unguwar Dankawu. Na yi dariya har tari ya taso. Ban tambaye shi wane aiki lissafin ya yi ba.

Laraba, 11 ga Agusta, kafin magariba

Ya Gana, maƙwabciyata da ke dafa mini tuwo, ta ga ragowar kazar. Babarbariya ce, bakinta ba ya hutawa. Ta ce, "Bafillatanin da ko akuya ba shi da ita, yau shi ne da kaza? Malam Jalo, wa ya mutu ya bar maka gado?"

Na ce, "Ɗana ya kawo. Ke ki ci wuya, shi ya dace da ku."

Ta ɗauki wuyan, amma ba ta ci ba. Ta ce surukinta Naziru direba ya ga mashin ɗin Yakubu kwana uku a jere a jingine bayan injin niƙa na bayan tasha, a lokacin da 'yan acaɓa ke ɗaukar fasinja. Tun da aka kawo shari'a masu abin suka bar bakin hanya suka koma wani kango a can. Ta ce, "Caca ce, Malam. Kazar caca ka ci."

Na ce mata tambayar lissafi aka yi mini na amsa, kuma na ce a takarda.

Ta ce, "To shi a takarda yake zubawa?"

Na roƙe ta ta aro mini ƙwayar ludo uku daga gidan 'yarta.

Alhamis, 12 ga Agusta, da la'asar

Tun safe nake kan tabarma da fensir, na matsa bakin ƙofa saboda haske. Ido yana ruwa.

Da farko na yi ta kaɗawa a kofi ina jan layi. Sau ɗari biyu na kaɗa, ina riƙe da gidan huɗu. Abin bai zo rabi ba. Na ce ko hannuna ne. Sai na yi yadda aka koya mana a kwalejin horon malamai, na jera komai a shafi.

Ƙwaya uku suna iya faɗuwa ta hanya shida sau shida sau shida, wato ɗari biyu da sha shida. Kowace ƙwaya tana da fuska biyar da ba taka ba. Biyar sau biyar sau biyar, ɗari da ashirin da biyar. A waɗannan duka an ɗauke kuɗinka. Saura casa'in da ɗaya: a saba'in da biyar lambarka ta fito sau ɗaya, a sha biyar sau biyu, a guda ɗaya tak sau uku. Abin da mai kwali zai biya ke nan ɗari da takwas, abin da zai karɓa ɗari da ashirin da biyar. Sha bakwai sun tsaya a aljihunsa. Kusan naira takwas a kowace ɗari, kullum, ko da bai taɓa yin maguɗi ba.

Na haɗa abin da ba a haɗawa. Da ɗan aji shida ne ya kawo mini wannan amsa a Yana, da na ja masa jan layi na sa shi ya sake.

Sai maganar ninkawa. Hamsin, ɗari, ɗari biyu, ɗari huɗu, haka har hawa goma. A hawa na goma mutum zai ajiye dubu ashirin da biyar da ɗari shida, ya riga ya zubar da kusan wannan a baya, duka don ya ci naira hamsin. Faɗuwa goma a jere kuwa tana zuwa sau ɗaya cikin kusan ɗari biyu da arba'in. Ga mai zama a wurin kowace rana, wannan ba nisa ba ne. Takarda ba ta ƙarewa, shi ya sa abin yake aiki a kanta.

Na sake yi sau uku. Amsa ɗaya. Gobe Juma'a, zan faɗa masa.

Juma'a, 13 ga Agusta, bayan la'asar

Gwiwa da sauƙi, man nan yana da kyau.

Ya zo da sabuwar hula. A ƙofar masallaci muka haɗu da wasu abokansa biyu, suka durƙusa suka gaishe ni. Ya dafa kafaɗata ya ce musu, "Wannan ne Bappan da nake faɗa muku. Shekara talatin da biyar yana koyar da lissafi daga Katagum har Itas, bai taɓa kuskure ba." Ɗayan ya ce, "Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Mu ma muna cin albarkacin."

A gida ya gyara mini ƙafar gado da ta karkace, ya hau ya toshe yoyon ɗakin baya da leda da ƙasa. Ya sauko duk ya ɓaci da laka yana waƙa. Takardar lissafin tana ƙarƙashin matashina.

Ya tafi da uku da kwata.

Asabar, 14 ga Agusta, da safe

Takardar tana nan.

Lahadi, 15 ga Agusta, da azahar

Ran kasuwa. Ina jin mashina suna wucewa ta bakin layi, ina ƙoƙarin gane kukan nasa. Nasa yana da wani tari in ya sauya giya. Ban ji shi ba.

Na kaɗa ƙwayoyin sau hamsin ba dalili. Ya Gana ta leƙo ta ce, "Kai ma ka fara?" Na mayar da su cikin kofi.

Talata, 17 ga Agusta, da hantsi

Meram ta zo, matar Yakubu. Ba ta saba zuwa ita kaɗai ba. Ta kawo mini ɗanwake a langa, ta durƙusa nesa da tabarma, ta daɗe tana gaisuwa: ya jiki, ya damina, ya ƙafa, ya ido. Yarinyar kirki ce, 'yar mutanen Gashuwa. Lokacin da za a sayi mashin ɗin, sarƙar zinarin da ta gada daga mahaifiyarta ta sayar ta cika kuɗin.

Ta ce, "Bappa, ba ƙara na kawo ba."

Na ce na sani.

"Kwana huɗu ke nan bai kawo cefane ba. Ba wannan ne ya dame ni ba, muna da gero. Shi ne ba ya cin abinci. Sai ya zauna da takarda yana rubuta lambobi, in na yi magana ya ce in bar shi, saura hawa ɗaya." Ta gyara mayafi. "Ya ce kai ka auna abin, ka ce ba cuta a ciki. Na ce masa Bappa ba zai faɗi haka ba."

Na dubi langar ɗanwaken.

Ta ce, "Da wani ne ya faɗa masa, wallahi da bai yarda ba. Duk garin nan maganarka kaɗai yake ɗauka ba ya juyawa."

Na ce zan yi masa magana ran Juma'a. Ta yi godiya har sau uku. Da za ta fita ta ɗauki tsintsiya ta share zauren, ta cika mini buta.

Ban iya cin ɗanwaken ba. Ya Gana ta cinye, tana cewa 'yan garinsu ne kaɗai suka iya shi.

Alhamis, 19 ga Agusta, bayan azahar

Kai yana sara. Na yi ta neman hanyar da zan nuna masa ba da manyan lambobi ba, domin tun yana yaro in ya ga lamba ta wuce ɗari sai idonsa ya tafi taga. Na samo. Na sa an sayo mini gyaɗa ta naira ashirin.

Juma'a, 20 ga Agusta, kafin magariba

Ya zo a ƙafa. Ya ce mashin yana wurin bakanike. Hularsa ta da ce a kansa. Ya tare wani ɗan acaɓa ya ɗora ni, ya ce masa, "A hankali, ƙwai ka ɗauka," shi kuma ya bi mu da sauri a ƙasa har masallaci.

Da muka dawo na ce ya zauna. Na zana gida shida a ƙasa da sandata, na sa gyaɗa ɗaya a kowane gida. Na ce, "Mutum shida ne, kowa ya kama gida. Kai ne mai kwali. Kaɗa."

Ya dubi ƙwayoyin, ya dube ni, ya kaɗa. Biyu, uku, shida.

"Nawa ka ɗauka?"

"Uku."

"Nawa ka biya?"

"Uku. Ka gani, Bappa, rabi da rabi."

"Sake."

Biyar, biyar, ɗaya. Ya ɗauki huɗu, ya biya mai biyar guda biyu, mai ɗaya guda. Gyaɗa ɗaya ta rage a tafinsa. Na ce ya ci gaba. Muka yi ta yi. Duk sanda ƙwaya biyu suka zo iri ɗaya, gyaɗa ta rage a hannunsa. Ko sau ɗaya bai ciro daga aljihu ba. Kafin a jima ya tara 'yar tsibi a gefen ƙafarsa.

Na ce, "Yakubu, abin da na faɗa maka ran nan kuskure ne. Ban yi lissafin ba, na amsa da ka ne don in burge ka. Na gano tun Alhamis ta wancan mako, na kasa faɗa maka."

Ya daɗe yana murza gyaɗa ɗaya har ɓawonta ya fashe.

"Tun wancan makon?"

"Tun wancan."

"Ran da na hau rufin nan kana sane?"

"Ina sane."

Ya yi wata 'yar dariya. "Meram ta zo nan, ko?"

"Ta zo. Amma ba ita ta yi lissafin ba."

"To wanne zan ɗauka, Bappa, na ran nan ko na yau? Ran nan da lafiyarka ka faɗa, ba wanda ya zo ya yi maka kuka."

Na miƙa masa takardar. Bai karɓa ba. Ya matso kusa, ya rage murya kamar yadda yake yi yana yaro in ya fasa wani abu. Ya ce mashin ba ya wurin bakanike, yana hannun wani a jingine, an ba shi zuwa ƙarshen wata. Ya ce gidan biyar yake bi, sau tara a jere ba ta fito ba, kowa a wurin ya shaida ta kusa. Hawa ɗaya ya rage. Ya ce, "Kuɗin aikin idonka da ke cikin akwati. Kwana biyu kawai. Ni da kaina zan kai ka Kano bayan damina kamar yadda muka yi, har da canji."

Na ce ƙwaya ba ta san sau nawa ta faɗi ba. Ba ta da ido, ba ta da tunani, ba ta san shi ba. A kaɗawa ta goma tana nan yadda take a ta farko.

"Ba za ka ba ni ba ke nan."

Na ce in ya yarda, gobe mu je tare wurin wanda ke riƙe da mashin, in ba shi abin da nake da shi hannu da hannu, in roƙe shi ya jira sauran. Amma kwali ba zai ga ko sisi nawa ba.

"In ɗauke ka da sanda in kai ka kangon nan, a ce Yakubu ya jawo tsohonsa ya zo roƙo?" Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "A aji huɗu ka yi mini bulala shida a kan bakwai sau takwas. Ka tuna?"

Na ce na tuna.

"Hamsin da shida. Har yau ban manta ba."

Ya tattara gyaɗar ya zuba mini a kwano, ya jawo butata kusa da hannuna yadda ya saba, ya ce, "Sai an jima, Bappa." Bai ce sai Juma'a ba.

Asabar, 21 ga Agusta, da safe

Zazzaɓi kaɗan. Ban tashi ba sai don salla.

Litinin, 23 ga Agusta, da la'asar

Na tuna ranar da aka kawo mini shi daga Katagum bayan rasuwar ubansa, yana da shekara biyar, da 'yar riga ɗaya da ƙurji a gwiwa. Kwana uku bai yi magana ba. A rana ta huɗu ina gyaran littattafan yara ya zo ya tsaya a bayana, ya ce, "Me ya sa kake yi musu jan zane?" Na ce don sun yi kuskure. Ya ce, "Kai wa yake yi maka?" Mai ɗakina ta yi dariya har ta zubar da nono.

Ba abin da ya kawo wannan, tunawa kawai na yi.

Laraba, 25 ga Agusta, bayan azahar

Ya Gana ta ce Meram ta tafi Gashuwa ganin gida, da yara, da akwati biyu. Ta jaddada akwati biyun. Na ce damina ce, kaya suna jiƙewa, dole a ɗebi da yawa. Ta ce, "Haka ne, Malam." Yau ba ta tsokane ni ba. Na fi son ta tsokane ni.

Juma'a, 27 ga Agusta, da la'asar

Na yi wanka da wuri na sa farar riga. Ƙarfe ɗaya saura kwata Naziru ya tsaya da motarsa ya ce ya rage mini hanya. Na ce ya je, ana zuwa ɗaukata. Na yi azahar a zaure.

Na ƙirga: cikin shekara shida, Juma'a ta haura ɗari uku, biyu kaɗai ya rasa, ɗaya ran da aka haifi 'yarsa ta fari, ɗaya ran da ya faɗi da mashin a hanyar Yana. Na ce a raina tun da ya rasa yau, mai zuwa dole ya zo. Sai na ajiye fensirin.

Lahadi, 29 ga Agusta, da hantsi

An ce an ga mashin ɗin a kasuwa, wani ne a kai. Ban tambayi wa ya gani ba.

Litinin, 30 ga Agusta, da azahar

Tari ya dawo. Farce ya fara kama bargo.

Naziru ya ce mai kwalin ya bar nan Azare, yana bin kasuwannin ƙauye, kuma an ga Yakubu a wajen Disina. Bai san ko binsa ya yi ba, ko wani abu ya kai shi.

Talata, 31 ga Agusta, bayan la'asar

Na buɗe akwatin ƙarfe na ciro ƙunshin kuɗin aikin idon, na sa a ƙarƙashin matashi. Na kira Naziru na ce in ya bi ta Disina ya nemi Yakubu, ya ce masa kuɗin na nan, ya zo ran Juma'a ya ɗauka, ba zan tambaye shi inda zai kai su ba.

Ya Gana tana tsakar gida, ta ji. Ta shigo da muciya a hannu.

"Malam Jalo, kai ne fa ka yi kwana biyu kana lissafi har ido ya yi ja."

"Ni ne."

"Ka ce mai kwali ba ya faɗuwa."

"Ba ya faɗuwa."

"To idon naka za ka ba shi?"

Na ce, "Ido ɗaya ya ishe ni ganin mai shigowa. Me zan yi da biyu in ba mai shigowa?"

Ta tsaya tana dubana. Ta ce, "Fulani dai ba ku da wayo, sai kunya da taurin kai." Ta koma ta ƙara mini man shanu a miya, abin da ba ta taɓa yi ba sai na biya.

Na san lissafin, ni na yi shi. Duk da haka na aika.

Alhamis, 2 ga Satumba, kafin magariba

Naziru ya dawo. Ya same shi a bakin tashar Disina yana dakon buhuna, ya rame, wuyan rigarsa ya yage. Bai ga kwali a kusa ba, amma ya ce bai duba ko'ina ba. Ya isar da saƙon kamar yadda na faɗa.

Na ce, "Me ya ce?"

"Ya ajiye buhun ya zauna a kai. Ya ce, kuɗin idon? Na ce ban sani ba, kuɗi dai aka ce. Ya ce wa ke kai ka masallaci. Na ce ka ƙi kowa."

"Sai me?"

"Sai aka kira shi ya tashi."

"Ya ce zai zo?"

"Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba."

Na sa Ya Gana ta sayo nama rabin kilo, a yi miyar kuɓewa ɗanya gobe. Ita yake so.

Juma'a, 3 ga Satumba, da hantsi

Jiki da dama. Na yi wanka. Na fitar da kujera bakin ƙofa. Motar Disina ta farko takan iso kafin sha ɗaya.

Juma'a, bayan azahar

Na yi salla a zaure. Wataƙila mota ce ta lalace, hanyar ba ta da kyau da damina.

Juma'a, bayan la'asar

Ya Gana ta kawo tuwon a kwano biyu, ta zauna a bakin ƙofa, abin da ba ta saba ba. Muka zuba wa layi ido. Can ta ce, "Na ga 'yan caca da yawa, har a gidanmu. Ban taɓa ganin wanda aka ce masa ga kuɗi zo ka ɗauka, ya kwana bai zo ba. Da rarrafe ma zai zo."

Na ce, "To me ke nan?"

"Ni na sani? Kai ne mai lissafi."

Na ce ko fushi yake yi.

Ta ce, "Mai fushi ba ya tambayar wa ke kai ka masallaci."

Ta tashi za ta ɗauke kwano ɗaya, na ce ta bar shi a rufe tukuna, akwai motar ƙarshe.

Juma'a, da magariba

Motar ƙarshe ta shigo, na ji saukar mutane, na ji sun watse. Ƙunshin yana nan a ƙarƙashin matashi, ba abin da ya taɓa shi. Ya san yana nan.

Allah ya yi masa albarka a inda yake. Yakubu bai zo ba.